A bar wa allo ƙofarsa

Duk wanda ya taɓa buɗe cikin rediyon zamani, ko akwatin da ke daidaita cajin batirin hasken rana, ko mitar wutar lantarki, ya ga wani koren allo mai zane-zanen tagulla, da ƴan ƙananan abubuwa liƙe bisansa da dalma. A tsakiyarsu akwai wani baƙin abu mai ƙafafu da yawa, wanda sau da dama faɗinsa bai wuce farcen yatsa ba. Masana suna kiransa mikrokontrola, watau ƙaramar ƙwaƙwalwa mai ba sauran kayan allo umarni. Ita ke cewa a kunna, ita ke cewa a kashe, ita ke ƙidayar lokaci da auna ƙarfin wuta. Amma ba ta san kome ba da kanta, sai abin da mutum ya rubuta mata. A yau samari da ƴan mata masu yawa, a lakwal da gidajensu, suna sayen irin wannan ƙwaƙwalwa suna haɗa allunansu da hannunsu. Akwai magana guda da ta kamata a faɗa musu tun da wuri, a kuma faɗa wa malamansu da hukumomin da ke sayen na'urori da kuɗin jama'a: duk allon da za a ƙera, a bar masa ƙofar da za a iya sake rubuta wa ƙwaƙwalwarsa umarni tana nan zaune a wurinta, ba sai an ɓamɓaro ta ba.

Domin a gane nauyin wannan magana, sai a waiwayi yadda aikin yake a da. A shekarar 1974 kamfanin Texas Instruments na Amurka ya fitar da TMS1000, ɗaya daga cikin ƙwaƙwalwan farko da suka shiga kasuwa. Umarninta a masana'anta ake dasa shi tun wajen ƙira, kamar rubutun da aka sassaƙa bisa dutse. In an yi kuskuren harafi guda, sai dai a zubar da dukan abin da aka ƙera. Wannan aiki ne na manyan kamfanoni masu yin odar dubbai, ɗan koyo ba ya da rabo a ciki. Kafin nan, a 1971, Dov Frohman na kamfanin Intel ya ƙago wani rumbun ajiya wanda ake iya shafe shi da haske, kuma a ƙarshen shekarun 1970 aka samu ƙwaƙwalwa irin su Intel 8748 masu ƴar taga ta gilashi a bayansu. Wanda ke son canza umarni sai ya zare ƙwaƙwalwar daga gurbinta, ya sa ta ƙarƙashin wata fitila ta musamman wajen minti 20, ya kai ta ga na'urar rubutu mai tsada, sa'an nan ya mai da ta bisa allo ya gwada. In bai dace ba, ya sake daga farko. Kowace fita da shiga kuwa tana lanƙwasa ƙafafu, har wata rana ɗaya ta karye.

Sauƙi ya zo a shekarar 1993, lokacin da kamfanin Microchip na jihar Arizona ya fitar da PIC16C84, mai ƙafafu 18, wadda ake shafe ta da wutar lantarki kawai, a kuma rubuta mata ta wayoyi ƙalilan. Bayanta, a 1997, kamfanin Atmel ya kawo dangin AVR, waɗanda asalin ƙirarsu ta fito daga ɗalibai biyu na birnin Trondheim a ƙasar Norwe, Alf-Egil Bogen da Vegard Wollan. Daga nan ƙwaƙwalwa ta zama kamar allon almajiri: a rubuta, a karanta, a wanke, a sake rubutawa. A 2005 wasu malamai a garin Ivrea na Italiya, cikinsu har da Massimo Banzi da David Cuartielles, suka haɗa wani allo mai araha domin ɗalibansu, suka sa masa suna Arduino, suka kuma bar zanensa a fili ga duk mai so. Samfurin Uno da ya fito a 2010, mai ɗauke da ƙwaƙwalwar ATmega328P, yana cikin allunan da ƴan koyo suka fi sani a duniya. Kamfanin Microchip ya saye Atmel a 2016, saboda haka dangin biyu yanzu gida ɗaya suke.

Mai karatu da ya riƙe allon Uno zai ga wasu tsinkaye shida a tsaye kusa da ƙwaƙwalwar, uku-uku a layi biyu, da harufan ICSP a gefensu. Su ne ƙofar da ake magana. Biyu daga cikinsu na wuta ne, ɗaya mai kawowa ɗaya na ƙasa. Na uku, mai suna RESET, shi ne ke tsai da ƙwaƙwalwa daga aikinta ya sa ta saurara. Sauran ukun su ne hanyar zance: MOSI ke shigar da saƙo, MISO ke fito da amsa, SCK kuwa ke buga ƙidaya domin ɓangarorin biyu su tafi tare, kamar yadda mai ganga ke daidaita ƙafar manoma a gayya. Ana haɗa tsinkayen da wata ƴar na'urar rubutu, ita kuma a haɗa ta da kwamfuta. Na'urar ta fara tambayar ƙwaƙwalwa ko wace ce, ƙwaƙwalwa ta amsa da lambobi uku na shaidarta. In shaida ta dace, sai a wanke tsohon rubutu, a zuba sabo shafi-shafi, kowane shafi bayit 128, sa'an nan a karanto shi duka a gwada da na asali. Aikin da a da yake cin rabin sa'a yanzu ba ya wuce ƴan daƙiƙoƙi. Dangin PIC wayoyi biyar suke buƙata. Ƙwaƙwalwan ARM, irin su STM32, wayoyin zance biyu sun ishe su. Suna ya bambanta, manufa guda ce.

To, me ya sa ƙofar nan ta cancanci a yi mata dogon zance a jarida? Dalili na farko shi ne, babu mai rubuta umarni ya dace tun karon farko, kome gwanintarsa. A ɗauki misalin ɗalibin da ya haɗa allo domin ya riƙa kunna famfon ban ruwa a garkar albasa, irin waɗanda suka cika yankin Galmi. Bisa teburinsa kome daidai yake. Sai an kai allon garka ne za a ga cewa lokacin da aka ɗiba wa ban ruwa ya yi kaɗan, ko kuwa tashin injin yana girgiza wuta har ƙwaƙwalwa ta rikice, ko kuwa abin da ya wadatar a watan Janairu bai wadatar ba cikin zafin Afrilu da ya haura digiri 40. Gyaran duka bai wuce canza lamba biyu ko uku ba. In allon yana da ƙofa, ɗalibi ya zo da kwamfutarsa gindin rijiya, ya soka waya, ya gyara, ya ga sakamako nan take. In ba ya da ita, sai a kwance akwati, a hau mota a koma gari, manomi kuwa ya koma ga guga da wasaki, ya kuma ƙudurta a ransa cewa kayan ƴan lakwal wasa ne. Asarar amincewar manomi ta fi asarar allon tsada.

Dalili na biyu ya shafi surar kayan da ke shigowa kasuwa. ATmega328P tana zuwa cikin surori daban-daban. Akwai doguwa mai ƙafafu 28 wadda ake cusawa cikin gurbi a zare ta da hannu. Akwai kuma ƙarama mai ƙafafu 32, faɗinta milimita 7 kowane gefe, tsakanin ƙafa da ƙafa bai cika milimita guda ba, wadda ake kwantar da ita bisa allo a liƙe da dalma. Mafi yawan sababbin ƙwaƙwalwa a wannan sura ta biyu kaɗai ake yin su. Wanda ya liƙa irin wannan bai bar mata ƙofa ba, ya yi gini ya shafe da yumɓu bai bar hanyar shiga ba. Ɓamɓaro ta na bukatar na'urar iska mai zafi da hannu mai sanyi, kuma sau da yawa zanen tagullar allon kan tashi tare da ita. Ko doguwar ma, gurbinta ba abin dogara ba ne a ƙasar da ƙurar hunturu ke shiga kowane saƙo, da hanyoyin da ke girgiza duk abin da aka ɗora bisa babur ko amalanke. Dalma ta fi riƙo. Saboda haka hanya mafi kyau ita ce a liƙe ƙwaƙwalwa da kyau, a bar mata tsinkayenta.

Dalili na uku na tattali ne. Kamfanin da ya yi ATmega328P ya ba da tabbacin cewa rumbun umarninta, mai kilobayit 32, zai jure wanki da rubutu sau 10,000. Wanda ke sake rubutu sau goma kowace rana ta Allah zai yi kusan shekara uku bai ƙure wannan adadi ba. Ke nan allo guda zai iya koyar da aji bayan aji, yau ya zama agogo, gobe ma'aunin zafi, jibi mai gadin ƙofa. A shekarun 2021 da 2022 duniya ta ga ƙarancin waɗannan ƙwaƙwalwa, har manyan masana'antun motoci suka tsai da aiki. Ƙasar da ba ta da gaɓar teku, wadda kowane ɗan ƙarfe sai ya ratso iyakoki kafin ya iso hannun mai aiki, ita ce ta fi kowa bukatar ta mori abin da ta riga ta saya har iyakar ƙarfinsa.

Akwai masu cewa wannan wahala ce ta banza, tun da allon Arduino ana rubuta masa ta wayar USB ba tare da wata na'ura ba. Gaskiya ne, amma su san abin da ke sa hakan ta yiwu. Cikin ƙwaƙwalwar akwai wani ɗan guntun umarni, wanda a Uno bai wuce bayit 512 ba, aikinsa shi ne ya karɓi baƙon rubutu ya shimfiɗa masa wuri. Ana iya kiransa ɗan tarba. Ƙwaƙwalwar da aka sayo sabuwa daga kamfani ba ta da shi, kuma ta waɗannan tsinkaye shida ake sa shi. In ya lalace, ta nan ake mai da shi. Ɗalibin da bai san wannan ba ya iya tuƙi ne bai san inda inji yake ba, kuma ranar da ya tashi barin allon saye ya haɗa nasa na kansa, nan iliminsa zai tsaya. Na'urar rubutun ma ba abin tsoro ba ce. Akwai USBasp, wadda Thomas Fischl na Jamus ya bar zanenta a fili, akwai PICkit ta dangin PIC, kuma allon Arduino guda yana iya zama marubucin ɗan'uwansa in an zuba masa umarnin ArduinoISP da ke zuwa kyauta cikin manhajarsa.

Wasu kuma suna cewa ƙofa a buɗe gayyatar ɓarawo ce: wanda ya sha wahalar rubuta umarni, wani zai zo ya kwafe ya sayar. Wannan tsoro yana da tushe, kuma ba daidai ba ne a raina gumin mai ƙira. Sai dai masu yin ƙwaƙwalwar sun riga sun yi tanadi. A dangin AVR akwai makullai na ciki waɗanda in an ɗaura su, ba mai iya karanto abin da ke rumbu. Hanyar buɗe su guda ce, a wanke allon gaba ɗaya, makulli da rubutu su tafi tare. Ta haka asirin mai ƙira ya tsira, na'urar kuma ba ta mutu ba, domin ko mai ita ya bar gari, wani gwani zai iya wanke ta ya rubuta mata sabon umarni. Wanda ya datse tsinkaye ko ya zuba musu danƙo bai ƙara wa asirinsa tsaro mai yawa ba, ya dai hana mai saye gyara abin da ya biya.

Batun kuɗi da wuri kuwa bai kai a tsaya kansa ba. Tsinkaye shida suna cikin mafi arahar abin da ke bisa allo. In wuri ya ƙure, a bar ɗigo shida na tagulla a fili, waɗanda za a iya danna musu tsinkaye masu sifirin lokacin rubutu. Abin da ake bukata tunani ne tun ranar zane, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Sai dai ƙofa tana da ladubbanta, kuma wajibi ne malami ya koyar da su tare da ita. Wayoyin zance uku ba na rubutu kaɗai ba ne. A allon Uno su ne ƙafafu na 11, 12 da 13, waɗanda ake amfani da su wajen sauran ayyuka. In an rataya musu kaya mai nauyi kai tsaye, muryar na'urar rubutu ba za ta kai ga ƙwaƙwalwa ba, shi ya sa ake sa rezistans tsakanin kayan da wayar. In kuwa abin da ke rataye ɗin mai kunna inji ne, to injin na iya zabura lokacin da ake rubutu, hannun da ke kusa ya ji ciwo. Mai hankali ba ya ɗora inji bisa waɗannan ƙafafu. Haka kuma kada a ɗora babbar kondansatar bisa RESET, domin tana jinkirta amsa. A duba ƙarfin wuta: allon da ke aiki da bolt 3.3 ba ya son a tura masa 5, kuma tsofaffin PIC ana ɗaga musu ƙafa guda har wajen bolt 13 lokacin rubutu, saboda haka duk abin da ke haɗe da ƙafar nan sai an kare shi. A lura da inda tsinke na ɗaya yake, a sa masa alama bisa allo, domin juya waya baibai na iya ƙona kaya. A sani kuma sabuwar ATmega328P bugun agogonta miliyan ɗaya ne cikin daƙiƙa, kuma na'urar rubutu sai ta sassauta ƙidayarta ƙasa da kashi ɗaya cikin huɗu na wannan kafin su ji juna. Ƙwaƙwalwa da yawa da aka yanke wa hukuncin mutuwa, gaggawar marubuci ce kawai ta hana su amsawa.

Wurin da ya fi bukatar natsuwa shi ne saitin ciki da ake kira fiyus. Nan ake zaɓar inda ƙwaƙwalwa za ta sami bugun agogonta. Wanda ya ce mata ta dogara ga dutsen kwarz na waje alhali babu shi bisa allo, ta yi shiru ke nan har sai an kawo mata dutsen ko an ba ta bugu daga wani wuri. Wanda kuma ya mai da ƙafar RESET ta zama ƙafar aiki ya kulle ƙofa ya jefa makulli ciki, ba mai buɗewa sai na'ura ta musamman mai bolt 12. Waɗannan hatsarori gaskiya ne, amma maganinsu ilimi ne. Ba a hana yaro wuƙa har abada domin tana yanka, ana nuna masa inda kaifi yake.

Saboda haka akwai kira ga ɓangarori uku. Na farko makarantun fasaha: lise ta fasaha ta Ɗan Kasawa a Maradi, makarantar EMIG a Yamai, jami'o'in Maradi, Tawa da Damagaram, da cibiyoyin koyon sana'a na jahohi. Kada darasi ya tsaya ga soka wayar USB cikin allon da aka sayo. Kowane ɗalibi ya kamata ya ɗauki ƙwaƙwalwa sabuwa fil, ya haɗa mata wuta da tsinkaye shida da hannunsa, ya karanto shaidarta, ya rubuta mata, ya wanke, ya sake. Allon da ɗalibi ya kawo a ƙarshen shekara ba tare da ƙofa ba, a ɗauke shi aikin da bai kammala ba. A kuma buɗe wa masu gyaran rediyo da wayar salula na kasuwanni hanyar samun wannan horo cikin harshen da suke ji, domin hannunsu ya riga ya saba da dalma, abin da ya rage musu kaɗan ne.

Na biyu hukumomi da ƙungiyoyin da ke sayo kayan ban ruwa, fitilun titi da na'urorin hasken rana domin karkara. Duk takardar ciniki ta ƙunshi tambaya uku: shin ana iya sake rubuta wa na'urar umarni a wurin da take? Wa ke riƙe da kwafin umarnin? Wa aka horar a cikin ƙasa domin wannan aiki? Turai kanta ta gane wannan darasi. Faransa ta fara tilasta wa masu sayar da wasu na'urori su nuna makin sauƙin gyara, daga sifiri zuwa 10, a watan Janairun 2021, kuma Tarayyar Turai ta zartar da dokar haƙƙin gyara a 2024. In ƙasashen da masana'antu ke ƙofar gidansu sun ga bukatar haka, ina ga ƙauyen da ke da tafiyar yini kafin a kai ga mai gyara? Kayan aro ba ya rufe katara, kuma na'urar da ba mai iya taɓa cikinta sai wanda ya sayar, aro ce ko da an biya kuɗinta lakadan.

Na uku su ne masu ƙira da kansu. Duk wanda ya haɗa allo ya rubuta sunan kowane tsinke a gefensa, ya ajiye kwafin umarninsa wuri biyu, ya liƙa ƴar takarda cikin murfin akwati mai faɗin sunan ƙwaƙwalwa, ƙarfin wutarta da ranar rubutu na ƙarshe. Mai gyaran da zai buɗe akwatin bayan shekara biyar, wataƙila ƙanensa ne, wataƙila shi kansa ne bayan ya manta.

Nijar ba baƙuwa ba ce ga irin wannan tunani. Marigayi Abdu Mumuni Diyofo, ɗan Tasawa, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya shugabanci ofishin makamashin rana na ONERSOL daga 1969 zuwa 1985, inda aka ƙera na'urorin dafa ruwa da na girki da hasken rana a cikin ƙasa. A zamaninsa aikin na ƙarfe ne da madubi. A yau rabin aikin ya koma cikin rubutun da ido ba ya gani, kuma wanda ke iya canza rubutun shi ne mai na'urar na gaskiya. Ƙera ƙwaƙwalwa kanta aiki ne na masana'antu ƙalilan a faɗin duniya, ba a tsammanin ɗan koyo ya yi shi. Rubuta mata umarni da gyara shi kuwa yana cikin ikon duk wanda ke da kwamfuta, waya shida da haƙuri. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya sa malamai da magabata su duba.